Verna a Takardar Yayanta

Shekara goma sha ɗaya ina shugabar kicin a makarantar firamare ta garinmu, can cikin duwatsun gabashin Kentucky, ban taɓa ganin mai hannun girki irin Verna Tackett ba. In ta gasa burodin masara, har yaran nan masu ture faranti sai sun dawo neman ƙari. Amma kwana biyu kacal take zuwa a mako, Talata da Alhamis. Ƙarfe ɗaya na bugawa ta kwance ƙyallen girki ta kama hanya kamar an biyo ta.

Dalili kuwa yayanta ne, Delmer. Shekara talatin ya yi a ramin kwal, ya fito da ɗan fansho da huhun da ƙura ta cinye. Bai taɓa aure ba. Ita kuma mijinta ya tafi Ohio neman aiki tun tana da ƙuruciya, shiru kake ji, ko wasiƙa. Sai suka zauna tare a gidan da iyayensu suka bari. Duk shekara in Delmer zai cika takardar haraji, yakan rubuta sunanta a matsayin wadda yake ɗauke da nauyinta, a rage masa wani abu. Sharaɗin shi ne kada abin da take samu ya haura wata 'yar iyaka. Da yake ɗan albashin nata bai kai a taɓa shi ba, kowace Fabrairu nakan kawo mata fom ta rubuta cewa kada a cire mata haraji. Akwai wani layi a saman fom ɗin da aka ce mutum ya rubuta ɗaya in babu mai ɗauke da nauyinsa. Wannan tsallake shi take yi.

Ni dai abin haushi yake ba ni. Ɗaukar nauyi wai! Wa ke ɗauke da wa? Ita ke yi masa wanka, ita ke jan tukunyar iskar da yake shaƙa daga ɗaki zuwa baranda, ita ke faskare.

Shekarar da babbar mai girkinmu ta yi ritaya, gurbi ya samu: kwana biyar a mako, ga inshorar asibiti, ga fansho. Matan cocinmu ma sun yarda su riƙa karɓa-karɓa wajen zama da Delmer. Na tare Verna a wurin wanke-wanke.

"Ke, aikin nan naki ne. Gobe ki zo mu cika takarda."

"Opal, bari dai in yi shawara da Yaya."

"Shawarar me kuma? Abin da ake rage masa bai kai albashinki na wata guda ba! Haba, shekara hamsin da shida, sai yaushe za ki yi wa kanki tanadi?"

Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Ran Lahadi bayan coci na tafi gidan da kaina, na shirya masa magana tsaf. Na same shi a baranda, robar iska a hanci, yana ganina ya washe baki.

"A'a, Opal sarkin faɗa! Kin zo sace mini 'yar riƙo ke nan?"

Kafin in buɗe baki ya sa Verna ta ɗauko masa wani tsohon gwangwanin biskit. Kwafin takardun harajinsa ne a ciki, a jere. Ya riƙa ɗagowa ɗaya bayan ɗaya yana ɗora yatsa a kan sunanta.

"Ranar da Baba zai cika ya ce, Delmer, ga ƙanwarka nan. Duba ki gani. Shekara ashirin da uku, ban taɓa fashi ba."

Tari ya sarƙe shi. Verna tana bayansa tana shafa masa gadon baya, tana girgiza mini kai. Na tashi na yi masa sallama.

Da ta rako ni mota ta ce, "Ba ya iya ɗaga bokiti, ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Layin nan mai sunana kaɗai ya rage masa na zama yaya. In na karɓi aikin, da wane baki zan gaya masa?"

Na ce, "To ranar da kika tsufa sai ki dafa layin ki ci." Wallahi har yau maganar nan tana ci mini rai.

Aka bai wa wata daga ƙetaren rafi aikin. Delmer ya cika a Nuwamba, wata uku kacal bayan nan. Na yi ta zarya ofis har na samo wa Verna kwana huɗu a mako, amma babu inshora, babu fansho. Wannan ƙofar ta rufe.

Fabrairu ta zo, na ajiye mata fom a kan teburin yanka albasa. Ta sa tabarau ta nufi inda ta saba.

"Bana ba nan ba, ƙawata," na ce. "Albashinki ya kai a cire. Daga sama za ki fara."

Ta karanta layin a hankali, leɓɓanta na motsi. Ta sake karantawa.

"Babu kowa ke nan?" ta ce.



Ta daɗe riƙe da biro. Can ta rubuta ɗaya, ɗan mitsitsi, a gefen gurbin.

"Duk shekarun nan rubuta ni ake yi, Opal," ta ce. "Ban taɓa rubuta kaina ba."

Ta miƙo mini takardar, ta koma wajen waken da take dafawa. Ƙarfe ɗaya ta buga, ban ga ta ko ɗaga kai ta dubi agogo ba.