Maɗacin Jabiru

Duk wanda ya taɓa sauka a ƙauyen nan na bakin ruwa da ke kusa da Wara ya san Ɗangana masassaƙin jirgi. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu saboda saran gizago. A tsibiri aka haife shi. Yana saurayi ruwan Kainji ya taso ya shanye gidajensu, aka kwaso su aka zube a wani tudu da babu inuwar da akuya za ta fake. Sai ya ɗauki wata ɗabi'a: duk yaron da aka haifa a unguwar, ranar suna zai dasa masa maɗaci, wai kafin yaro ya isa riƙe gida itacensa ya isa katakon jirgi. Da farko dariya aka yi masa. Daga baya kuwa in ana rabon goron suna, nasa na riga na liman isa.

Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi ba, babban ɗansa Jabiru ya isa. Ya gaji da jefa komar kamun kifi a jirgin wani, ana ba shi abin da aka ga dama. Aka sa ranar sare maɗacinsa, unguwa ta fito kallo da hantsi.

"Baba, in jirgin ga ya hito, ko kai ba ni ɗauka kyauta," in ji Jabiru.

"Ji ɗan nema! Da kai da iccen duk ni na dasa ku."

Saran farko ya yi ƙara kamar an bugi ganga. Ɗangana ya dakata, ya sake sara. Ba a kai rabi ba itacen ya yi wani irin kuka ya kife, mutane suka watse da gudu. Da aka dawo aka leƙa, cikinsa babu komai sai ɓurɓushi jajaja mai danshi kamar jiƙaƙƙiyar dusa, yana warin ruɓa. Bawon ne kaɗai yake tsaye duk shekarun nan. Wata tsohuwa ta yi salati.

Ɗangana ya bi sauran itatuwan yana bugunsu da ƙotar gatari. Duk manyan kamar ganga suke amsawa.

Aka aika Yelwa, Malam Zakari na gandun daji ya zo. Ya zagaya ya tsaya kan wasu tabo na laka a jikin kowane itace.

"Baba, wannan fa, wa ke shafawa?"

"Ni ne, Malam. Mata ka sassaƙe bawon don maganin ciki, ni kuwa ba ni son ganin icce da rauni. Sai in kwaɓa laka da garin wani mataccen maɗaci da ke fadama in toshe, kamar yadda muke liƙe jirgi in ya tsage."

Malam Zakari ya cire hula ya mayar.

"Funfunar da ta kashe wancan tana cikin garin. Ta raunin take shiga."

Ɗangana ya dubi tafin hannunsa kamar na wani ne. Ya zauna a ƙasa cikin mutane, abin da ba a taɓa gani ba.

Kafin damina aka sare manyan aka ƙone. Masu zuma suka sauke amyoyinsu suka kai wani daji, mata masu banda suka koma gyaran kifi a tsakiyar rana, samarin da ke jiran nasu jiragen suka fara maganar zuwa Yelwa neman aiki.

A jikin maɗacin Jabiru reshe ɗaya aka samu mai lafiya. Ɗangana ya sassaƙa filafilin tuƙin jirgi da shi, ya goge har yana sheƙi, ya miƙa wa ɗansa bai ɗago kai ba. Jabiru ya karɓa da hannu biyu, ya saɓa a kafaɗa, ya gangara wajen jirgin maigidansa.