Wutar Keken Ɗinkin Baffa

A shekarun da kowa a Yawunde bai da magana sai "kiriz", wato matsin tattalin arziki, garejin da nake gyaran wayoyin mota ya rage ma'aikata, ni aka fara nuna wa ƙofa. Na dawo unguwarmu Birik, na zama cikakken ɗan benci a ƙofar shagon Baffa, ƙanin mahaifina, wanda tela ne.

Shagon yana ƙuryar wani lungu bayan masu tsire, ba shi da taga. Da damina, ko da azahar ka shiga sai ka laluba hancinka ka tabbatar yana nan. Ƙwan lantarki ɗaya ke riƙe da shagon, sai kuma aka zo aka cire kontar gidan, wato mitar wuta, gaba ɗaya. Ba halin fito da keke waje, don lungun bai ɗaukar mutum biyu, ga ruwa kullum. Baffa ya koma aiki da fitilar kananzir, ga ido ya fara rauni. Ya yanka wa wani mahauci wando, ƙafa ɗaya ta tsaya a gwiwa, ɗayar tana jan ƙasa har kasuwar Mokolo. Labari ya kai Garwa. Babban ɗansa da ke can ya aiko cewa bayan Sallah zai zo ya tafi da shi gida ya huta. Baffa kuwa tun kafin a haife ni yake lungun nan, in ka ce masa hutu kamar ka nuna masa makara ne.

Na ce, "Baffa, zan yi muku kuran, wutar lantarki taku ta kanku."

Ya ce, "Kai da aka kora?"

"Ba don rashin iyawa ba ne."

"Haka duk kuke cewa."

Na samo mataccen dinamo na keken hawa wurin masu gwangwan a unguwar Madagaskar. Ba komai a cikinsa sai mayen ƙarfe da wayar jan ƙarfe a nannaɗe. In mayen ya juya kusa da wayar, wuta ta fito, in ya tsaya ta tsaya. Wayar ta ƙone, sai na warware wayar wata tsohuwar fanka na yi ta naɗi har idanuna suka harɗe. Na ɗaure dinamon da roba a jikin babbar ƙafar keken ɗinki, na rataya ɗan ƙwai saman allura.

Baffa ya taka. Ƙwai ya yi ja, ya yi rawaya, ya yi fari. 'Yan benci suka ɗauki salati. Yana cikin ɗinki zare ya tsinke, ya tsayar da ƙafa zai zura wani, sai duhu. Ya kwance kan keken kamar mai naɗin zare, allura ta tsaya, ya ci gaba da takawa. Wuta ta dawo, amma jikinsa duk rawa yake, zaren ya shiga ko'ina ban da kafar allura.

Ya ce, "Injiniya, ɗinki ai ko ido rufe ina yi. Awo da yanka da zura zare su ne matsalata, su kuma wutarka ba ta son su."

A kusurwar shagon akwai ƙafar wani tsohon keke marar kai, ana ɗora dutsen guga a kanta. Can na mayar da dinamon, na ƙara tsawon waya. Saura mai takawa, ƙafafu kuwa kiriz ta tara mana su a benci: tsohon akawu, tsohon direban ma'aikata, da ni. Baffa ya kafa doka, duk mai son shayinsa sai ya taka.

Da hasken ƙwan muke gane zafin hira. In akawu ya shiga zancen albashi, shagon ya koma kamar filin jirgi, sau ɗaya ma har ya ƙona ƙwai. In direba ya kasa kunne ga gulma, wuta ta yi ta lumshewa har sai Baffa ya daka tsawa, "Kuran!" Da an kira salla kamfanin wutar namu ya rufe.

Ɗan Baffa ya iso bayan Sallah, ranar ruwa ya kori 'yan benci. Ya gaishe shi a tsugune, ya fara lallashi. Baffa ya nuna masa keken marar kai.

"Zauna ka taka, ina jin ka."

Ya cire takalmi ya taka. Baffa ya auna shi yana zaune, ya shimfiɗa shadda, ya yanka, ya zura zare karo ɗaya. Yayan nawa na zuba bayanin iskar Garwa da jikoki, gumi na zuba. Kafin la'asar jamfa ta fito. Ya sa, ta zauna masa cif, hannu da hannu daidai.

Ya ce, "Baba, wannan ai wahala ce."

"Ta ƙafarka. Ni idona lafiya."

Ya dube ni ko zan taya shi. Na ce ni ma'aikacin kamfanin ne, ba ni da baki.

Kwana kaɗan ya yi, na raka shi tashar jirgin ƙasa da jamfarsa a jiki da ɗingishi a ƙafar dama. Baffa bai rako mu ba, yana da wandon liman a kan tebur.