Lamba 084

Shekarun baya, wata ranar Talata da hantsi, likita ya miƙo mini katina ya ce in kai ɗakin ajiya, in tafi gida in kwanta. Ina fita baranda na duba abin da ya rubuta. Lamba ce kawai, 084. Na sake dubawa, 084 ɗin ce dai.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina aikin kati a wani ƙaramin asibiti a Gaya. Ba a rubuta sunan cuta a kati, lamba ake sawa, ni kuma in kwafe ta cikin rajista. Na haddace lambobin nan har ina yi wa mutane burga da su. A littafin da na haddace, 084 agana ce.

A watan ne takarda ta zo cewa za a canja tsarin lambobi. Malam, wato dispensa ɗinmu, ya tafi Kano kwas na mako guda don ya koyo sabon tsarin ya taho da littafinsa. Ni aka bar wa ja layi a sabuwar rajista da ɗaure tsofaffin katuna a kwali. A wautata, na ɗauka ƙari za a yi a ƙarshen littafi. Ban taɓa zaton ana iya ƙwace lamba daga wata cuta a ba wa wata ba.

Za ku ce me ya hana ni komawa in tambaya. Likitan daga Kano yake zuwa, sau ɗaya a mako, kuma ban taɓa ce masa komai ba bayan "to, ranka ya daɗe". Na kuma san inda ake kai masu agana, rumfunan zana a bayan gari, a ajiye maka abinci daga nesa. Sai na ce ai tausayina ya ji, ya ba ni dama in ɓuya. Kaina na sarawa, bayana kamar zai ɓalle, kuma haka agana ke farawa kafin ƙuraje su fito. An yi mini lambar rigakafin agana a damtse tun muna makaranta, amma ba ta kama ba.

A gidan Inna, ƙanwar mahaifiyata, nake zaune. Na shige ɗaki na sa sakata, na ce kada kowa ya shigo.

"Ke 'yar boko," in ji Inna daga bakin ƙofa, "zazzaɓin ma sai an yi masa kulle? Buɗe in shafa miki man shanu."

"Inna, ajiye kunun a nan, zan ɗauka."

"Oho. Sai ka ce mai takaba."

Ban gaya mata ba. Inna ba ta iya riƙe magana, kafin la'asar da mai unguwa ya ji. Ina shan ƙwayoyin da aka ba ni, ina duba goshina da tafin hannuna a ɗan madubi, ban san sau nawa ba a wuni.

Ranar Alhamis yayana ya zo daga Ajingi a kan keke. Na ji muryarsa a tsakar gida.

"Auta, fito. Baba ne ba lafiya, tun jiya yake kiran sunanki."

"Yaya, ni ma ba ni da lafiya."

"Inna ta ce zazzaɓi ne. Hau in goya ki, sannu a hankali za mu tafi."

Na tsaya a bayan ƙofa, hannuna a kan sakata. A gidanmu akwai mahaifiyata, akwai matar Yaya da jaririn da ko suna ba a yi ba. Na ga kaina na durƙusa gaban Baba, ya dafa kaina kamar yadda ya saba, na bar musu abin da zai share gidan.

"Ba zan iya zuwa ba. Ka ce masa zan zo in na ji sauƙi."

Can ya ce, "Shi ya sayar da gyaɗarsa ya kai ki makaranta, duk gari na yi masa dariya. Wannan saƙon zan kai masa?"

"Shi za ka kai."

Na ji ƙarar sarƙar kekensa har ya fice daga lungu.

Washegari zazzaɓin ya sauka. Maimakon in yi murna sai na ƙara tsorata, don na karanta cewa zafin jiki kan sauka dab da fitowar ƙuraje. A ranar, bayan an sauko daga Juma'a, aka aiko Baba ya rasu. Inna ta yi ta dukan ƙofa tana kuka, ta gaji, ta ɗauki mayafinta ta tafi ba ni. Na yi kukana ni kaɗai, madubin yana hannuna.

Har yau in na ga an rubuta lamba a katin mutum an miƙa masa ba a ce komai ba, ba na barinsa ya wuce. Nakan tsayar da shi in gaya masa sunan abin da ke damunsa da Hausa, ko da layi ya kai bakin titi. Amma ban yafe wa kaina tambaya ɗaya da na kasa yi a barandar nan ba.

Ranar Lahadi Inna ta dawo, ba ta ko kalli ƙofata ba. Da azahar Malam ya yi sallama, daga tasha yake, jakarsa a hannu. Ya ji rasuwar, ya kuma ji ban je ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "'Yata, me aka yi miki?"

"Malam, matsa baya. Agana gare ni."

Inna ta saki kwanon da ke hannunta.

"Wa ya ce?"

"Likita. 084 ya rubuta."

Na ji yana buɗe jaka, yana juya takardu. Ya turo wani sabon littafi ta ƙarƙashin ƙofa, a buɗe.

"Karanta da ƙarfi."

Na bi layin da yatsa. Zazzaɓin cizon sauro.

"Su a Kano tun watan jiya suka koma sabon tsari," in ji shi. "Mu ne ba mu fara ba. Agana ta koma 050. Ba abin da ya same ki, kin ma warke. Buɗe ƙofar."

Na zare sakata. Inna ta kama fuskata tana juyawa ta kowane gefe, tana cewa Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi. Na tambaye ta ko Baba ya ce wani abu a kaina.

"Ya ce a bar ki, in kin ce ba za ki iya ba, to ba za ki iya ba ne."

Ranar ce sadakar uku.