Kiran da Matiyu Bai Amsa Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Shamaki a shekarun da aka sami 'yancin kai ya san Matiyu Malamin Ruwa. Dogo ne siriri, kullum cikin kaki, da kekensa da ya fi wasu mutanen samun wanka. Batangale ne daga wajen Kaltungo. Mishan suka koya masa boko, ya shigo Gombe yana saurayi, aka ɗauke shi a ofishin gona. Aikin nasa kuwa, in ka ji sai ka yi dariya: ruwan sama yake aunawa. Wani gwangwani ne aka kafa a bayan ofis, kowace safiya ya juye abin da ya taru a kwalbar awo, ya ɗaga ta saitin idonsa, ya rubuta inci kaza. Da rani ma sai ya je ya leƙa, ya rubuta babu.

A da Matiyu ɗan coci ne na gaske, shi ke jan waƙa ranar Lahadi. Ya auri Edna, 'yar garinsu, suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya, suka haifi Jane, sannan Noah. Shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe, ƙyanda ta faɗo gidan. Matiyu ya yi azumi, ya yi addu'a har gwiwoyinsa suka yi kanta. Jane ta tafi ranar Talata, Noah ya bi ta ranar Asabar. Da aka dawo daga binne na biyun, sai ya naɗe Littafi Mai Tsarki a ƙyalle ya miƙa wa yayarsa Hilda, wadda ke aure can unguwar Barunde.

"Riƙe abinki, Yaya," ya ce. "Na kira, na kira. Babu kowa a can."

Shi ke nan fa. Bai musulunta ba, bai koma tsafin kakanni ba, coci kuwa ko inuwarta bai ƙara tsayawa ba. Mutane suka rasa sunan da za su ba shi, don ko wanda ake kira arne yana da abin da yake durƙusa wa. Fasto ya zo ya gaji, dattawan garinsu suka zo suka gaji. Kai, taurin kan mutumin nan sai ka rantse da dutse aka yi shi! Amma ba ya zagin addinin kowa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ta wasa.

Shekarar babban fari, Musulmi suka fita filin idi roƙon ruwa, Kirista suka cika coci-coci. Bayan kwana uku aka kece da ruwa. Shu'aibu tela, maƙwabcinsa a gidan hayar, ya tare shi a zaure yana murmushi.

"Malam Matiyu, yau inci nawa Allah ya ba ka?"

"Ɗaya da rabi, Malam Shu'aibu. Iskar kudu ce ta kawo."

Shu'aibu ya yi a'uzubillahi, sannan ya ɓalla goro ya ba shi rabi. Haka suke zaune.

Edna ba ta sake haihuwa ba, kuma ba ta taɓa fashin coci ba. Ba ta yi masa wa'azi, ba ta yi masa gori. Abu ɗaya ne ta ƙi bari. Tun rasuwar yaran kowa ya daina kiransa da sunan 'yarsa don kada a fama masa ciwo, amma ita ina! Kullum in ya taso aiki da rana, da ya jingina keke a bakin ƙofa, sai muryarta ta fito daga ɗaki: "Baban Jane, ka dawo?" Shi kuma ya ce, "Na dawo." Shekara goma sha uku suna haka.

Lokacin da kuɗin mai ya fashe a ƙasa, kowa na sayen babur da rediyo, ana ta murnar an ba Bauchi jiha, ita Edna ciwo ne ya kama ta a ciki. Aka yi ta zaryar asibiti har likita ya ce a mai da ita gida. Wata rana da la'asar, ta rame ta zama kamar tsinke, ta kamo hannunsa.

"Baban Jane, za mu haɗu a can, ko? Ni da kai da yaran?"

Allah sarki. Kalma ɗaya fa take nema. Ko kai waye, ai ka ce mata e. Amma Matiyu ya dubi matar nan, bakinsa ya yi nauyi, don a ganinsa in ya amsa ya yi mata ƙarya. Sai ya ɗauko kofi.

"Sha ruwa, Edna. Ki huta."

Ta sha, ta saki hannunsa, ta juya fuskarta bango. Bayan kwana biyu ta cika. Abin nan ya tsaya masa a rai, ya ci shi, ya hana shi jin daɗin tuwo, kuma babu wanda ya gaya wa.

Kwana tara da binne ta ya koma aiki. Ya taso da rana tsaka, ya jingina keke, yana laluben makulli a aljihu, sai ya ji daga cikin ɗaki: "Baban Jane, ka dawo?"

Ya buɗe ƙofa, ya duba bayan labule, ya duba har ƙarƙashin gado. Babu kowa. Ya ce gajiya ce. Washegari ya sake ji, jibi ma haka, da wannan ɗan jan "dawo" ɗin da take yi kamar mai shirin dariya.

To, me mutum irin Matiyu zai yi? Sai ya ɗauki abin kamar ruwan sama. Ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta rana da lokaci. Ya toshe kunne da auduga, ya ji ta. Ya makara da gangan har la'asar, ya ji ta. Ya je aka duba masa kunne, aka ce lafiyarsa lau. Ya tambayi A'i matar Shu'aibu, tana tankaɗe a tsakar gida, ko ta ji an yi magana. Ta ce ita kam kukan kaza kawai ta ji.

Kada ka ce ko ya koma ga Allah. Ko kusa. Ce wa kansa yake yi, jin murya daban, samuwar Mahalicci daban. Wataƙila wata aba ce da ba a ƙera gwangwanin auna ta ba tukuna, wataƙila kuma kansa ne ya fara taɓuwa. Amma a ƙasan zuciyarsa ya yarda ita ce, ya yarda fiye da yadda ya yarda da kwalbar awonsa. Tun hantsi idonsa na kan agogon ofis. Wannan kiran ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya.

Sai dai bai taɓa amsawa ba. In ya amsa, ya yarda tana wani wuri ke nan. In kuwa tana wani wuri, to ya hana mai mutuwa gaskiya, ba ƙarya ba. Wannan ne ya kasa haɗiyewa. Kullum sai ya tsaya a ƙofar, kai a karkace, ya saurara, ya shiga.

A'i ce ta lura da tsayuwar nan, tsoro ya kama ta, ta aika wa Hilda. Ranar Lahadi bayan an taso coci sai ga Hilda, ta zauna ta tsare shi da ido.

"Matiyu, me kake saurare a bakin ƙofa?"

Da mai iya ƙarya ne, da ya ce ba komai. Sai ya zayyane mata duka, har littafin ya nuna mata. Hilda ta dafe ƙirji. A wurinta wanda ya mutu cikin Ubangiji yana hutawa, ba ya yawo a gidan haya. Wannan Shaiɗan ne ya ari muryar baiwar Allah don ya ja mata ƙane zuwa kabari. Ba ta yi musu da shi ba, ta san halin kayanta. Ta tashi ta tafi, makullin ɗakin da ta riƙe tun zaman makoki na ɗaure a bakin zanenta.

Ranar Laraba, kwana na sittin da uku, muryar ta fito a hankali, kamar ta wanda ya gaji da tambaya. Matiyu ya tuna yadda Edna ta saki hannunsa. Washegari da safe a bayan ofis, yana riƙe da kwalbar awo, ya ce wa kansa, "Wai me nake karewa ne? Ko ita ce, ko haukata ce, yau sai na amsa." Da aka tashi ya hau keke yana gwada maganar a baki kamar ɗan makaranta: na dawo, Maman Jane, na dawo, ki yafe mini.

Bai san cewa tun hantsi Hilda ta iso gidan da matan zumunta na cocinsu ba, su wajen ashirin, da anko da tulunan kiɗa. Sun yi waƙa, sun yi addu'a kusurwa-kusurwa, sun tsawata wa duk wani mugun ruhu ya fita ya bar bawan Allah. Sun share ɗakin tas, sun kwashe zannuwan Edna don a raba wa dangi kamar yadda aka saba, abin da Matiyu ya daɗe yana ja musu rai a kai. Da ƙauna suka yi, wallahi, wasunsu har da hawaye.

Matiyu ya jingina keke. Ya tsaya. Shiru. Ya jira har inuwar katanga ta rufe masa ƙafa. Ya fita da keken ya sake shigowa ya jingina. Shiru. A'i ta leƙo da fara'arta.

"Sannu da zuwa, Malam. Ai yau an yi maka maganin abin nan. Yayarka ta zo da mutanenta."

Ya ba abin kwana uku. A kwana na huɗu ya taka keke har Barunde, ya tarar da Hilda tana tsince wake a tsakar gida. Bai ko zauna ba.

"Yaya, ki tara matan nan su koma su janye addu'arsu."

"Janye addu'a? Matiyu, kanka ɗaya kuwa? Ana janye addu'a ne?"

"Ban amsa mata ba, Yaya. Sau sittin da uku tana tambayata. Ranar da zan amsa kuka kore ta."

Hilda ta ajiye faifai, idonta ya ciko. "To wa kake so mu roƙa? Wanda ka ce babu shi?"

Matiyu, mutumin da bai yi kuka a gaban kowa ba lokacin da ya binne 'ya'yansa, sai ga shi ya durƙusa a gaban yayarsa, yana kuka.

"Har yanzu ban ce akwai shi ba," ya ce. "Amma ku yana jin maganarku. Ki ce masa rana ɗaya kawai nake so."