Neman Sifirin Bindigar Kaka a Bakin Iyakar Jibiya

Daga Katsina

Na fito bayan sallar Asuba, Baba yana zaune a zaure da bindigar Kaka a cinyarsa. Tsohuwa ce ta zamanin Turawa, irin wadda ake jan hannunta ƙasa a mayar. Ba ta harbi, harsashinta ma an daina ganinsa tun kafin a haife ni. Amma Kaka, mahaifin Baba, maharbi ne, kuma duk ran da ya dawo daga daji a ƙofar gida yake jan hannun nan ya zazzage ta. Da wannan ƙarar yaransa suke sanin ya dawo da rai. Yanzu idon Baba ya tafi, jiki ya yi nauyi, ga sifirin cikin bindigar, ɗan ƙarfen nan mai mayar da hannun, ya karye, hannun yana lilo shiru. Ƙarar kawai yake so ya sake ji. Shi ya sa na ɗaura niyyar zuwa bakin iyakar Jibiya in nemo wani sifirin.

Bindiga dai ba ta bin hanyar Jibiya, don haka hotonta na ɗauka a waya. Mu shida muka matsu a ƙaramar mota. Shingen jami'ai kuwa, kafin direba ya gama gaisawa da wannan, na gaba ya fara ɗaga masa hannu.

Magama

A Jibiya na karya da ƙosai da kunu, na hau acaɓa zuwa Magama, na tsallaka iyaka da ƙafa. Can bayan jandarmomi na sami rumfar Tsoho Na-Abu, wanda a da yake sayar wa Turawa kayan tarihi. Ya jawo buhu ya fito da gawar bindiga uku, ba baki ba gindi, sai cikin kawai.

"Wace iri ce taku?"

Na ce mai hannu.

"Duk masu hannu na, ɗana. Ta gehe taka cin harsashi ko ta gaba?"

Na nuna hoto. Ashe gefe ɗaya na ɗauka, kuma wanda ba kome a jikinsa. Ya ce ko ya ga ɗaya gefen ma da sauran aiki, domin biyu daga cikin ukun kamarsu ɗaya a waje, sifirinsu ne ya bambanta. Sai dai a duba lambar da aka buga a ƙasa, bayan hannun.

Na kira gida na ce wa Inna ta duba lamba.

"Wannan baƙin zanen? Ai na daɗe da fid da shi."

A gidanmu duk jajibirin Sallah ana dirje ƙarfe da toka da lemon tsami, daga tire har buta. Bindigar Kaka ba ta taɓa tsallake layi ba. Inna ta ƙara da cewa ya ba ta wuya ƙwarai, don haka na yi mata sannu.

Na zauna a kan buhu ina tunanin abin da zan faɗa wa Baba. Sai na ji muryarsa ta waya yana cewa a ba shi. Ya gaisa da Tsoho, ya ce a ja masa hannun bindigogin ɗaya bayan ɗaya. Na kara wayar, Tsoho ya ja ta farko.

"A'a, wannan ta cika kauri."

Ya ja ta biyu. Shiru ya yi tsawo har na duba ko katina ne ya ƙare.

"Ita ce," in ji Baba.

Tsoho ya ce bari a gwada ta uku. Baba ya ce kada ya wahalar da kansa. Tsoho ya ciro mini sifirin ta biyun, na biya shi.

Komawa

A shingen farko jami'i ya juya ɗan ƙarfen a tafinsa, bai kai tsawon yatsa ba. Na gaya masa gaskiya, na bindigar kakana ne. Ya dubi tsatsar, ya dube ni, ya ce Allah ya jiƙan kakan.

Na iso gida da la'asar, na taho da maƙerin unguwarmu ya ɗaura shi. Baba ya lalubo hannun, ya ja, ya mayar. Ƙarar ta cika zauren. Ya sake ja. Sannan ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya, irin yadda ban taɓa ji ba:

"A kawo ruwa, Baba ya dawo!"

Inna ta kawo ruwan, ba ta tambayi na waye ba. Ni dai fita na yi waje, don idona ya cika.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Tsoho Na-Abu. Inna kuma ta yi alkawarin bana tire da buta kawai za ta dirje.