Makullina a Kan Dutsen Muƙaɗɗam

Wata uku ban fita ƙofar gida ni kaɗai ba. Dalilin ba wani babba ba ne. Jiri ya ɗebe ni a tashar jirgin metro ta Ainu Shams, nan Alƙahira, na zauna a ƙasa, wasu mata biyu suka ba ni ruwa. Likita ya ce hawan jini ne. Ya juya wajen ɗana ya ce masa da Larabci a riƙa sa ido a kan tsohuwa, kamar ba na wurin, ni da na yi shekaru ina ciniki a Umdurman da Jidda. Washegari makullina ya ɓace daga jikin ƙusa.

Yaron nan shi ne ɗana na fari. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi jayayya da shi ido da ido. Shekara arba'in da 'yan kai ina ce masa "mai gidan nan". In ina da magana, matarsa nake aika.

"Ki ce masa ina son makullina."

Ta je ta dawo. "Inna, ya ce ma'alish, ki yi haƙuri, sai kin ƙara ƙarfi."

Ya san sarai ba zan tare shi ba. Da kunyata ya kulle ni.

Duk Asabar da safe yakan hau dutsen Muƙaɗɗam, wai don ya rage tumbin da kujerar ofis ta unguwar Mohandessin ta tara masa. Wata Asabar ya sauko daga bene ya tarar da ni tsaye a jikin mota. Matarsa ta leƙo ta taga tana dariya.

"Inna, to can sama wa zai riƙa kai muku saƙo?"

"Allah na nan," na ce.

Ya ɗauka a mota zan zauna in sha iska. Da muka isa gindin dutse na ci ɗamara da gyalena, na tuɓe takalma na soke su a ƙugu, na naɗa gammo na ɗora gorar ruwa a ka.

"Inna, mutane na kallo."

Na dubi wani dutse a gefen hanya na ce wa dutsen, "Su kalla."

Ya miƙe sak yana hawa kamar mai hawa bene. Ni kuwa a ƙauyen tudu aka haife ni, inda rijiya take ƙasa gidaje suke sama. Ba a fuskantar dutse gaba da gaba. Ka ratsa dama, ka ratsa hagu, yadda awaki ke yi, tafin ƙafa yana gaya maka inda zai riƙe. Gwiwoyina sun yi ƙara, ba zan ɓoye ba. Sau biyu na tsaya ina jin bugun zuciyata a kunne, na ce a raina in jirin nan ya dawo, shi ke nan, ni da titi sai a makara. Bai dawo ba.

Na wuce shi a rabin hanya, ya dafa gwiwa yana haki.

Saman Muƙaɗɗam fili ne shimfiɗe, fari fat, ba ciyawa ba inuwa. Na taɓa hawa wani tudu a arewacin Ingila lokacin da na je wa ƙanwarsa wankan jego. Can ƙasa jiƙe take kamar soso, ciyawa gajera mai duhu har iyakar gani, tumaki suna yawo ba makiyayi, garin kuma yana can cikin kwari da rufinsa baƙi. Duwatsun bayan Agadas baƙaƙe ne, suna ƙona ƙafa. Wannan kuwa farin dutse ne mai laushi, har da ɓawon katantanwa a jikinsa. Amma ko'ina iskar sama ɗaya ce, ba ta tambayar shekarun mutum.

Alƙahira tana ƙasa, hasumiya bayan hasumiya, Nilu yana ƙyalli a tsakiya. Na nemi wajen Ainu Shams ban iya gane ko unguwar ba, balle ɗakin da na yi wata uku a ciki.

Ya iso rigarsa sharkaf, gorarsa babu ko ɗigo. Na sauke tawa na ajiye a gabansa. Ya shanye rabi.

"Khalas, ya isa, Inna, kin nuna mana. Bari in kira tasi ta same mu ta titin sama. Riƙe hannuna kada ki zame."

A nan na dube shi cikin ido na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa, cikakke, wanda bai taɓa ji daga bakina ba. Ni kaina na ji shi baƙo a harshena. Wayar ta kusa suɓuce masa.

"Na'am, Inna."

"Wa ya riga wani hawa?"

"Ke."

"Ruwan wa ka sha?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba ni makullina. Ranar da ƙafata ta gaza, ni zan fara gaya maka, da bakina."

Ya daɗe yana fama da zoben makullansa kafin ya zaro shi. Na ƙulle shi a haɓar zanena, ƙulli biyu. Da ƙafa muka sauko, ni a gaba, ina nuna masa inda zai taka.

Ranar Litinin na shiga metro ni kaɗai, na je Abbasiya na sayo kuɓewa busasshiya wajen wata 'yar Sudan, na dawo na buɗe ƙofa da hannuna. Sunan nan kuwa ban sake kiransa ba. Ya dai san yanzu ina iyawa.