Takardar Habibu daga Suwidin

Na fita daga gidanmu na Nima da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, da takarda ɗaya a aljihu, raina a ɓace. Takardar ta ƙanena Habibu ce, wanda ya rasu a Suwidin. A cikin kayansa da aka aiko muka same ta, an rubuta ta da yaren Suwidin, da hatimin 'yan sanda. Ɗan baffanmu Mustafa ya tsinci kalma ɗaya a ciki, snatteri, ya buga a waya, ta ba shi Turanci: shoplifting, pilfering. Sata ke nan. Kafin a yi addu'ar bakwai, har Kasuwar Malam Atta an ji wai mamaci ɓarawo ne.

Nkawkaw

Motar Kumasi ta tashi daga tashar Circle da ƙarfe shida. Goma saura muka tsaya a Nkawkaw. Na sayi waakye, wato shinkafa da wake, na sidi ashirin, na kasa ci. A shingen gaba ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Massa, me ke cikin jaka?" Na ce riga ce da carbi.

Kumasi

Ƙarfe ɗaya na isa Aboabo, gidan Alhaji Issaka, wanda ya daɗe yana tuƙin bas a Suwidin. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ɗago.

"Wa ya fassara muku?"

"Waya, Alhaji."

"Kalma ɗaya kuka duba? Snatteri ƙaramar sata ce a kanti, gaskiya ne. Amma ƙanenka shaida ne a nan. Wata tsohuwa aka zarga, shi kuma Habibu, da yake shi ne mai gadin kantin, ya ce a gabansa ta biya."

Mutum ya tsaya wa baƙuwa a ƙasar mutane, 'yan uwansa su ɓata masa suna yana kabari! Alhaji ya rubuta mini fassarar da Hausa, na kwana a zaurensa.

Nima

Washegari na iso da la'asar. Ban shiga gida ba, na karanta fassarar a ƙofar masallaci da ƙarfi. Mustafa ya sulale kafin in gama. Da na karanta wa Mma mahaifiyarmu, ta share ido ta ce, "Tun yana ƙarami ba ya iya yin shiru in an cuci wani. A kan haka ya rasa haƙorinsa na gaba."

Allah ya saka wa Alhaji Issaka da alheri, ya ji ƙan Habibu.